Yadda ake auna yanayin kasuwancin gari kafin a zuba jari: jagora ga mai son buɗe harka a Kebbi

Masu karatu sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya ta fuskoki daban-daban. Wani ya karɓi kuɗin sallama yana son buɗe sito, wani yana son kafa injin casar shinkafa, wata kuma tana son shagon kayan masarufi, kuma duk abin da suke so su ji shi ne: Birnin Kebbi ko Jega? Argungu ko Yawuri? Kamba fa? Amsata kullum ita ce babu garin da ya fi kowane gari ga kowace sana'a. Garin da ya karɓi mai albasa yana iya karya mai ƙanƙara. Amma akwai hanyar da mutum zai auna garuruwa biyu ko uku da ma'auni ɗaya, ya fitar da amsar da ta dace da aljihunsa, kuma ba sai ya ɗauko masani daga Abuja ba. Ga yadda ake yi, daki-daki.

Kayan aiki: littafi mai kauri da biro, waya mai layi biyu na kamfanoni daban-daban, da abokin tafiya ɗan gari a kowane wuri. Kuɗin da za ka kashe su ne na mota zuwa da dawowa sau biyu, na kwana biyu ko uku a kowane gari, na kati da data, da ɗan ihsanin wanda ya zagaya da kai. Ka rubuta wannan kuɗin a cikin jari tun farko, domin wanda bai ware shi ba yakan tsaya a gari ɗaya ya ce ya gama bincike.

1. Bayyana sana'ar a layi uku

Kafin ka ambaci sunan gari, rubuta me za ka sayar, daga ina kayan za su zo, wa zai saya, da nawa kake sa ran juyawa a wata. "Harkar shinkafa" ba bayani ba ne. Mai sayen shanshera a hannun manoma ya ajiye, da mai casa, da mai sarin gyararriya ya kai Sakkwato ko Kwantagora, kowannensu abin da yake nema a gari daban ne. Na farko fadama da sito yake bukata, na biyu wuta da ruwa, na uku hanya da tasha.

Daga nan ka zaɓi garuruwa biyu zuwa huɗu. Fiye da haka aikin zai fi ƙarfinka, ka koma cike gurbi da jita-jita.

2. Shata iyakar kasuwar, ba iyakar ƙaramar hukuma ba

Nan mutane da yawa suke fara kuskure. Abin da ake aunawa shi ne gari tare da ƙauyuka da ƙananan garuruwan da ke ci daga kasuwarsa. Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, amma ciniki bai san wannan rabon ba. Mutumin Kalgo ko Ambursa a Birnin Kebbi yake sayayyarsa. Albasar Aliero da hatsin Maiyama suna da alaƙa da Jega, wadda ke zaune a mahaɗar babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da wadda ta nufi Birnin Kebbi. Kamba ba ta fahimtuwa sai an haɗa ta da Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Yawuri tana kallon kogin Kwara da tafkin Kainji, kuma hulɗarta da Jihar Neja ba ƙarama ba ce. Zuru tana da Dabai, Mahuta da Ribah.

Hanya mafi sauƙi ta gano wannan iyaka ita ce tasha. Je da sassafe ranar kasuwa, ka zauna kusa da 'yan yuniyan, ka rubuta garuruwan da motoci ke lodi zuwa can, da motoci nawa ke cika kafin azahar, da kuɗin kujera da na buhu. Wurin da mota ke zuwa ta dawo a yini ɗaya, kuma mutanensa ke zuwa da kansu su yi sayayya, yana cikin yankin garin. Zana da'ira a littafinka ka sa sunayen a ciki. Duk wani lissafi da zai biyo baya a kan wannan da'irar za a yi shi.

Gargaɗi: kada ka dogara da yawan jama'ar da aka rubuta wa ƙaramar hukuma. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, abin da ake bayarwa yanzu kiyasi ne da aka ɗora a kanta. Motocin da ka ƙirga da idonka sun fi gaya maka gaskiya.

3. Tace da tsaro da ambaliya kafin ka fara ba da maki

Abubuwa biyun nan ba a haɗa su da sauran a yi musu jimla. Idan aka ba tsaro maki kamar yadda ake ba haya, arhar shago sai ta rufe hatsarin hanya a takarda, alhali a zahiri rai da dukiya ake magana. Don haka tambayar a nan "e" ce ko "a'a".

Game da tsaro, ka tambayi direbobi, ba ma'aikatan ofis ba. Ƙarfe nawa mota ta ƙarshe ke tashi? Akwai hanyar da aka daina bi? A shekarar nan sau nawa kasuwa ta ƙi ci? Manoman da ke kawo kaya suna iya zuwa gonakinsu? Sassan masarautar Zuru, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma gari yana iya zama lafiya a cikinsa amma ƙauyukan da ke ciyar da shi sun watse. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka kuma rufe kasuwannin mako. Wanda cinikinsa ya dogara da kasuwa ɗaya tilo ya ji jiki.

Game da ruwa, ka nemi dattijon unguwa ya nuna maka inda ambaliyar 2020 ta tsaya. A shekarar ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, ya karya gadoji. Dubi bangon shagon da ake son ba ka haya: idan akwai layin danshi da ya kai gwiwa, ko an yi sabon yaɓe a ƙasa kawai an bar sama, ka san dalili. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da yanayin ruwa da koguna, NIHSA, kuma tana fitar da na ambaliya. Duba su kyauta ne.

Garin da ya faɗi a nan, cire shi, ko ka rubuta sharaɗin da za ka iya rayuwa da shi, kamar ajiye kaya a wani gari ana kawowa kaɗan-kaɗan.

4. Karanta abin da aka riga aka auna, amma ka san iyakarsa

Kafin ka hau mota, ka ba intanet yini ɗaya. Bankin Duniya ya fitar da rahotanni kan sauƙin kasuwanci a jihohin Najeriya a 2008, 2010, 2014 da 2018. Na 2018 ya shafi jihohi 36 da Abuja, ya auna abubuwa huɗu: rajistar kamfani, izinin gini, sauya mallakar fili ko gida, da tilasta cika yarjejeniya a kotu. A kowanne ya ƙirga matakai nawa, kwana nawa, kuɗi nawa. Bankin ya dakatar da wannan jerin rahotanni a 2021, ya maye gurbinsa da wani sabon rahoto mai suna B-READY a 2024. Majalisar PEBEC, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 2016 don sauƙaƙa harkokin kasuwanci, ta fitar da nata jadawalin jihohi a 2021 da 2023, Gombe ce ta zo ta ɗaya a duka biyun. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana wallafa farashin abinci, fetur, man gas da kuɗin mota jiha-jiha.

Abin ɗauka daga waɗannan rahotanni shi ne salonsu: mataki, kwana, naira. Haka za ka yi naka.

Gargaɗi: jihohi suke kwatantawa, ba garuruwan cikin jiha ba. Idan rahoton 2018 ya ce Kebbi, Birnin Kebbi yake nufi, idan ya ce Zamfara, Gusau. Kuma kamfani mai rajista ya ɗauka misali, ba mai rumfa a kasuwar Koko ba. Matsayin jiha a jadawali ba zai gaya maka ko tiransifomar layin da kake so tana aiki ba.

5. Tambaya ɗaya ga kowa, a kowane gari

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Rubuta tambayoyi goma zuwa goma sha biyu a shafin farko, kada ka canza su daga gari zuwa gari. Da zarar ka tambayi na Jega abu kaza, na Argungu wani abu daban, babu sauran kwatanci.

A kowane gari ka nemi aƙalla mutum bakwai masu sana'a irin taka ko makusanciyarta. Ka gauraya: babba da ƙarami, ɗan gari da baƙo, wanda ya daɗe da wanda bai shekara biyu ba. Ka ƙara da dillali, direba, ɗan dako da mai POS. Sannan ka yi ƙoƙari ka samo mutum ɗaya da ya rufe shago ya bar sana'ar. Masu ci gaba da ciniki su ne waɗanda suka tsira, labarinsu ɓangare ɗaya ne. Wanda ya tashi shi ya san ramin. Idan harkar ta shafi mata masu turara shinkafa da casa a cikin gida, ka tura mace ta yi musu tambayoyin, domin kaso mai yawa na wannan aiki a bayan katanga ake yinsa.

Ka fara da gaisuwa wurin sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Baƙon da ke yawo da littafi ba tare da an gabatar da shi ba, ɗan haraji za a ɗauke shi, kowa ya kama bakinsa.

Yadda ake tambayar ma yana da muhimmanci. Idan ka ce, "Alhaji, ya kasuwa?" amsar ita ce "Alhamdu lillahi, sai godiya," kuma gaskiya ya faɗa, amma babu abin rubutawa. Kada kuma ka tambayi riba, ba a yi. Ka tambayi abin da ya faru, mai lamba:

"Alhaji, lodin da ka yi na ƙarshe, nawa ka biya a kan buhu, kuma kwana nawa ya yi a hanya?"

"Baba, jiya awa nawa kuka samu wuta a layin nan?"

"Hajiya, a watan jiya mutum nawa suka zo karɓar kuɗi da sunan hukuma, kuma nawa ne suka ba da rasit?"

"Malam, wanda ya ɗauki kaya bashi, yawanci sai yaushe yake biya?"

Idan ka tattara amsoshi, kada ka haɗa su ka raba. Jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki ta tsakiya. A ce mutum bakwai sun gaya maka kwanakin da suka jira wata takarda: 3, 4, 4, 5, 7, 9, 60. In ka haɗa ka raba za ka samu kusan 13, wanda babu ko ɗayansu da ya yi wannan jiran. Ta tsakiya 5 ce, ita za ka rubuta. Amma ka koma wurin mai kwana 60 ka ji abin da ya same shi, domin yana iya samunka.

6. Auna wuta, hanya da waya da kanka

Kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ne ke ba Kebbi, Sakkwato da Zamfara wuta. An kasa layuka rukuni-rukuni: Band A alƙawarinsa awa 20 a yini ko fiye, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma tun Afrilun 2024 kuɗin Band A ya ninka na sauran sosai. Ka nemi ganin takardar kuɗin wutar shagon ko rasit ɗin mitarsa don sanin rukuninsa, sannan ka ba mai wanki da guga ko mai walda na layin takarda ya riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa har mako guda. Unguwa biyu a gari ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, don haka layin da za ka zauna za ka auna.

Lissafin janareto kuwa: awannin aikin da babu wuta, sau litar da injin ke sha a awa, sau kuɗin lita a garin, sau ranakun aiki a wata. Idan sola za ka sa, raba kuɗinta da na batura a kan watannin da za su yi.

Hanya ka bi ta a motar kaya in da hali. Rubuta awannin tafiya, shingaye nawa, da abin da direba ya miƙa a kowanne. Waya kuma ka gwada tura kuɗi ta layukan biyu a tsakiyar kasuwa lokacin da ta cika. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba sai an yi masa bayanin amfanin wannan ba. Ka lura ko akwai reshen banki a garin, da nawa masu POS ke cira.

Gargaɗi: hanyar da ake kan ginawa ko aka yi alƙawarinta sifiri ce a lissafinka har ranar da mota ta bi ta.

7. Hukuma: haraji, fili da rikici

Akwai abubuwan da ba su bambanta gari da gari, kada ka ɓata shafi a kansu. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta tarayya ce, ta intanet ake yi, kuɗinta ɗaya a Zuru da Legas. Bambancin yana wurin abin da jiha da ƙaramar hukuma da ƙungiyoyi ke karɓa: kuɗin wurin sana'a, na shago, na rumfa, na allon talla, na lodi da sauke kaya, na shara, na masu gadi. Dokar 1998 kan haraji ta raba wanda kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. An sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, don haka ka je ofishin tattara kuɗin shiga ka nemi jerin da ake aiki da shi yanzu a rubuce. Yi ginshiƙi biyu a littafinka, abin da ofis ya ce da abin da 'yan kasuwa suka ce sun biya. Tazarar da ke tsakanin ginshiƙan ita ce ainihin ma'aunin garin a wannan fanni.

Idan fili za ka saya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidarsu ta gargajiya, kuma sayar da fili mai takardar gwamna yana bukatar amincewarsa. Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma banki ba zai karɓe ta jingina ba. Tambayi waɗanda suka nemi takardar mallaka kwanan nan wata nawa suka jira. Idan haya ce, ka ji shekara nawa ake biya gaba ɗaya, nawa ne la'adar dillali, da yadda ake ƙara kuɗi.

Sai rikici. In wani ya ci kuɗinka, ina ake zuwa? A wasu kasuwanni ƙungiya ko sarkin kasuwa kan raba gardama a zama ɗaya, kuma ana jin maganarsu. A wasu sai ofishin 'yan sanda ko kotu. Ka tambaya musamman ko baƙo yana samun gaskiyarsa a kan ɗan gari. Ni a wurina wannan tambayar ta fi ta haya nauyi.

8. Ƙirga masu saye da abokan takara

Tsaya a layin da kake so awa ɗaya da safe, awa ɗaya da la'asar, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Ƙirga masu shiga shagunan irin naka, da waɗanda suka fito da kaya a hannu. Ƙirga shagunan kansu, har da na rufe. Ka kuma gano daga ina kuɗin garin ke fitowa. Birnin Kebbi garin albashi ne da ɗalibai, ga sakatariya, ga Kwalejin Waziri Umaru, ga jami'ar tarayya ta wajen Kalgo, saboda haka cinikinta yana bin ƙarshen wata da zangon karatu. Argungu, inda kamfanin WACOT ya buɗe babban injin shinkafa a 2017, tana bin girbi. Kamba tana bin iyaka da canjin sefa: an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Wanda zai zauna can dole ya lissafa watannin da ƙofa za ta iya kasancewa a rufe.

9. Mayar da komai kan buhu ɗaya

Yanzu ka raba kowane kuɗi na wata da yawan kayan da za ka sayar. Lambobin nan misali ne kawai don a ga hanyar. A ce buhu 200 kake juyawa a wata. A gari na farko haya naira 600,000 ce a shekara, wato 250 a kan buhu, dako 500, wuta 200, haraji da na hanya 150, jimla 1,100. A gari na biyu haya 240,000, wato 100 a kan buhu, amma dako 1,200, wuta 450, haraji 200, jimla 1,950. Garin mai arhar shago ya fi tsada da 850 a kowane buhu, 170,000 a wata. Sai dai idan a can ana sayar da buhu da ƙarin 1,000, to shi ne a gaba da 150. In kuma masu sayensa sai sun yi wata kafin su biya, na farko kuwa hannu da hannu ne, uwar kuɗinka za ta fi juyawa a na farko, kuma 150 ɗin ba ta isa ta biya jiran ba.

Abin da ba ya shiga naira, kamar samun ma'aikata masu amana, sasanta rikici da karɓar baƙo, ka ba shi maki daga 1 zuwa 5. Raba nauyi 100 a tsakanin fannonin gwargwadon sana'arka, ka ninka maki da nauyi, ka haɗa.

Gargaɗi: ka rubuta nauyin tun kafin tafiya, ka ba wani amintacce ya ajiye. Wanda ya raba nauyi bayan ya dawo, zuciyarsa za ta karkata lissafin zuwa garin da surukansa suke. Idan tazarar garuruwa biyu ƙanƙanuwa ce, ka ɗauka sun yi kunnen doki, ka zaɓi wanda ka fi sanin mutanensa.

10. Koma a wani lokacin, sannan ka gwada da kaɗan

Awo ɗaya bai isa ba. Garin da ka gani da kaka, aljihu cike, ba shi ne za ka gani a watan Agusta ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanyar fadama ta jiƙe, kuɗi duk suna gona. Azumi da sallah ma suna kumbura ciniki. Ka koma sau ɗaya a lokacin da kasuwa ta fi sanyi, da tambayoyin nan dai, ka gyara lambobin. Farashi kuma ka sa masa kwanan wata, domin tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin dako na wata shida da suka wuce ya zama tsohon labari.

Bayan haka kada ka biya hayar shekara biyu nan take. Nemi gefen shagon wani ko rumfar wata uku, ka kai kashi ɗaya cikin biyar na kayan da ka yi niyya, ka riƙa rubuta dako, wuta, haraji da kwanakin bashi na gaske a gefen waɗanda ka kiyasta. Idan bayan wata uku jimlar kan buhu ta zarce kiyasinka da fiye da ribar da kake sa rai, ka kai irin wannan lodin gari na biyu a jerinka kafin ka sa hannu a kowace takardar haya.